Shayin Landan da shayin Bronx: wanne ya cancanci kuɗinka a Kumasi?

Duk wanda ke leƙa shagunan kayan waje a Adum, ko ake sauke wa gidansu duro daga 'yan'uwa a Landan ko Bronx ta birnin New York, ya san kwalayen shayin nan iri biyu. Na farko babban kwali ne mai ƙulli 80 ko 160, ƙullin babu zare babu takarda, a zube cikin leda mai ƙyalli. Na biyun hoton tambulan ne a jikinsa, cike da ƙanƙara da yankan lemon tsami, ƙullinsa kuma manya-manya. Duka baƙin shayi ne, daga itace ɗaya. Sai dai ba aiki ɗaya aka haɗa su su yi ba, kuma mafi yawan ƙorafin da ake ji a Aboabo da Asawase, cewa wannan ɗaci gare shi, wancan kuma ruwa ne tsululu, daga nan ya samo asali. Na Ingila an haɗa shi ne don a sha da zafi da madara. Na Amurka kuwa don a sha da sanyi da sukari.

Hukuncinmu tun farko: in teburin shayi gare ka, ko gida mai yawan bakuna da safe, na Ingila ya biya kuɗinsa. Na Amurka kuwa dabararsa ta fi kwalinsa daraja, don ana iya yin ta da ganyen da ke kowane kiyos.

Ƙullin Ingila

A fara da nauyi, don a nan kuɗin yake. Kwalin Yorkshire Tea mai ƙulli 80 giram 250 ne, wato kowane ƙulli ya ɗan haura giram 3. Tetley haka, PG Tips ya ɗan gaza kaɗan. Lipton mai kwali ruwan ɗorawa da muka saba da shi giram 2 ne a ƙulli. Ke nan ƙulli biyu na Ingila sun kai uku na Lipton. Kada ka kwatanta farashi da yawan ƙulli. Raba kuɗin kwalin da giram ɗin da aka rubuta a gindinsa, sannan ka yanke shawara. Af, wannan Lipton da muke ɗauka shi ne shayin Turawan Ingila, da ƙyar ka gan shi a kantunansu, duk da cewa Thomas Lipton mutumin Glasgow ne. Kasuwarsa a waje take.

Abin da ke cikin ƙullin gaurayen ganye ne, galibi na Assam a Indiya da na Kenya, wani lokaci da na Ruwanda. Assam ke ba da kauri, Kenya ke ba da jan launin nan mai haske. Ba a bar ganyen da tsawonsa ba. Inji ne ke murƙushe shi, ya yayyaga, ya mulmula shi ƙanana-ƙanana, shi ya sa yake sakin launi da ƙarfi cikin 'yan mintoci. Kenya ce kan gaba wajen sayar wa Birtaniya shayi, ta kasuwar gwanjon Mombasa. Wato ganyen Afirka ne ya je Ingila aka ƙulle shi, ya dawo mana da kuɗin jirgi da na kwastan a kansa. In ka samu na Kenya kai tsaye, ka samu kusan abu ɗaya.

Haɗinsa ba wuya, amma ba ya yafe sakaci. Ƙulli ɗaya, ruwa mililita 250 zuwa 300, wato rabin ledar fiya wata ko ɗan fiye. Ruwan ya zama sabo, ya tafasa sosai, a zuba shi kan ƙullin nan take, a rufe bakin kofin da faranti. Minti 3 ga mai son sassauci, 5 ga mai son ya ji shi a wuya. A cire ƙullin, sannan madara, sannan sukari.

Wuraren da ake ɓata shi sanannu ne. Ruwan fulas da aka dafa tun asuba ya riga ya sauka, launi zai fito amma ɗanɗano ba zai biyo ba. Zuba madara kafin ƙulli ya jiƙa ya fi wannan muni: madarar ta sanyaya ruwan, sai ka samu kofi fari fat mai warin takarda. Gardamar da Turawa ke yi kan ko madara ce farko ko shayi, a kan shayin da ya riga ya jiƙa a buta ake yin ta, ba a kan ƙulli cikin kofi ba. Sai kuma al'adar jefa ƙulli cikin tukunya a bar shi yana ta tafasa, a matse shi da cokali har takardar ta yage. Da Lipton mai giram 2 ana iya tsira. Da na Ingila baurin zai kama harshe, ka yi ta loda sukari ba ka cim masa ba. Lemon tsami da madara kuwa ba sa haɗa kofi. Tsamin zai tsinka madarar ta yi gudaji.

Maganar madara ita ce ta sa muka ba wannan ganye maki mai yawa. Baturen Ingila ɗanyar madarar shanu mai sanyi yake ɗigawa, kamar babban cokali biyu. Mu kuwa ta gwangwani muke sha, Ideal ko Peak ko Carnation, wadda aka ƙone kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta. Ta ninka tasu kauri, don haka babban cokali ɗaya ya wadatar a kofi. Ganye mara ƙarfi nutsewa yake yi a cikinta, ka ji madara da sukari kawai. Na Ingila yana tsayawa, ya ba da launin ƙasa-ƙasa mai ja, irin wanda su can suke kira shayin magina. Ga burodi mai bota da wainar ƙwai da dare, babu na biyunsa. In madarar gari ce, a dama ta da ruwan ɗumi kaɗan tukuna. Wadda aka yi da man tsirrai a madadin man shanu takan bar maiƙo a saman kofi. Ba laifin ganyen ba ne.

Ga mai teburi, lissafin shi ne: fulas mai lita 2 na cin ƙulli 7 na Ingila, ko 10 na masu giram 2. A jiƙa a wani mazubi daban minti 5, a cire ƙullin duka, a ɗauraye fulas ɗin da ruwan zafi, sannan a juye. Ƙulli ba ya zama cikin fulas, madara ma haka. Bayan awa biyu shayin fulas yakan yi duhu ya fara ɗaci, gara a riƙa yi kaɗan-kaɗan.

Kwali biyu ne ba mu ga dalilin sayensu a nan ba. Earl Grey, wanda aka ƙamsasa da man ɓawon wani lemo mai suna bergamot, ba ya jituwa da madarar gwangwani; wanda bai saba ba zai ce turare ya zube a ciki. Mai sonsa ya sha shi baƙi da yankan lemon tsami. Sai wanda aka rubuta masa cewa na ruwa mai alli ne. An yi shi ne saboda ruwan famfo irin na Landan da kewaye. Namu na madatsun Barekese da Owabi ne, matsalarsa warin kilorin, maganinsa kuma a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, ko a yi amfani da na leda.

Babban raunin kwalin Ingila ajiya ce. Da yake ba a naɗe kowane ƙulli daban ba, da an farke ledar, laimar damina ta samu ƙofa. Ganyen shayi kuma yana zuƙar wari: ajiye shi kusa da sabulu ko busasshen kifi mako ɗaya, za ka sha su a kofi. A juye shi cikin gwangwani mai murfi gam, irin na Milo da aka wanke ya bushe sarai. Gidan da mutum ɗaya ne ke shan shayi kada ya sayi mai ƙulli 160.

Tambulan ɗin Amurka

Amurkawa mutanen gahawa ne. Akan danganta hakan da daren 16 ga Disamba 1773, lokacin da aka watsa akwatunan shayi 342 cikin teku a Boston saboda rikicin haraji da Birtaniya. Shayin da suke sha yau, kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye da ƙanƙara ne, al'adar da ta bazu bayan baje kolin St. Louis na 1904. Abin dariyar shi ne ƙullin shayi ma daga wurinsu ya fito, wajen 1908 a New York. Sai a 1953 Tetley ya kai wa Ingila shi.

Ganyensu mafi yawa daga Ajantina yake zuwa. Ba shi da kauri, amma yana da halin da ake nema: ko ya yi sanyi yana nan garau, ana hango ƙanƙara ta cikinsa. Shi ya sa wanda ya haɗa shi da zafi da madara yake cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba, ya ɗora wa ganyen kayan da ba nasa ba ne. Manyan ƙullin nan na Luzianne ko Lipton da ake kira na iyali kusan giram 7 ne kowanne, na jug ne, ba na kofi ba.

Ga yadda ake shayi mai zaƙi irin na jihohin kudancin Amurka, da ma'aunin da muke da shi. Galan ɗinsu lita 3.8 ne, wato kusan ledar ruwa 8. A tafasa leda 2, a sauke daga wuta, a saka manyan ƙulli 4, ko ƙanana masu giram 2 guda 14. A rufe minti 5 zuwa 7. A tsame ƙullin ba tare da matsewa ba. Tun da zafinsa a zuba sukari giram 200, wato kofi ɗaya na awo, a juya har ya narke. Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, kwanciya yake yi a ƙasa. Masu yin sa a can sukan ƙara bekin soda ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, don ya kashe bauri. Kada a sa kanwa a madadinsa, za ta baƙanta shi ta canza masa ɗanɗano. Sai a juye sauran leda 6 marasa sanyi, a bar shi ya huce awa guda, sannan firji.

Wannan awa gudar ita ce ake yawan tsallakewa. In aka cusa shayi mai zafi cikin firji, ko aka antaya masa ƙanƙara farat ɗaya, sinadarin kafeyin da sinadaran da ke ba shi launi sai su dunƙule, ya dagule ya yi hazo. Ba ya cutarwa, amma ba ya sayuwa. Ganyen Assam ya fi kowanne yin haka, shi ya sa ƙullin Ingila ba ya kyau a wannan hanya. In ya riga ya dagule, ɗan tafasasshen ruwa kaɗan yakan washe shi. Wanda na Ingila kaɗai yake da shi, ya bi ta ruwan sanyi: ƙulli 3 a lita ɗaya, a bar shi cikin firji awa 8 zuwa 12. Yana fitowa garau, ba bauri, sai a zaƙaƙa shi da sukarin da aka narkar daban.

Giram 200 cikin lita 4 ya kama giram 5 a kowace mililita 100, rabin abin da ke cikin Coca-Cola ke nan. A kudancin Amurka akwai masu ninka wannan. Ba sai an bi su ba. In kuma za a zuba shi kan ƙanƙara, a rage leda ɗaya ko biyu na ruwa, don ƙanƙarar za ta narke ta maye gurbinsu. Ƙanƙarar ta zama ta ruwan da za ka iya sha.

Akwai wata hanyar tasu da ke yawo a intanet, ta jiƙa ƙulli a kwalba a ajiye a rana. Kada a gwada. Ɗumin rana bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba, ya dai isa ya kiwata su. Haka in wuta ta ɗauke: shayi mai sukari ba ya wuce awa 8 a waje, a firji kuma kwana 2 zuwa 3. In ya fara yauƙi ko tsami, a zubar.

Gaskiyar magana, ga harshen da ya tashi da sobolo da lamurje, shayin ƙanƙara zalla lami ne. Hajiyar da ke son ta ƙara shi cikin kularta ta sayarwa sai ta taimaka masa: dakakkiyar citta a cikin ruwan farko, ko ganyen na'a-na'a, ko kuma rabi shayi rabi ruwan lemon tsami da sukari, haɗin da Amurkawa suka sa wa sunan ɗan wasan golf Arnold Palmer. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da buɗa-baki. Na kwalba da na gari da ake shigowa da su kuwa, duba jerin kayan haɗinsu: ruwa da sukari ne a gaba, shayi a can baya. Da kuɗin kwalba ɗaya za ka cika jug.

Buta

A nan bambancin ƙasashen biyu kan jawo asara ta gaske. Wutar Ingila volt 230 ce, daidai da tamu, filoginsu mai ƙafa uku ma shi ne a bangonmu. Butarsu takan ja watt 3000, ta tafasa lita ɗaya cikin minti 2 da 'yan daƙiƙai. Sun dogara da ita har ta kai kamfanin wutarsu na shirya wa lokacin da za a tashi daga kallon ƙwallo. Bayan bugun fenariti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a gasar duniya ta 1990, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawatt 2,800. Wutar Amurka kuwa volt 120 ce, butarsu ba ta wuce watt 1500, tana cin ninkin lokacin, shi ya sa da yawansu kan murhu ko a maikurowef suke ɗumama ruwa.

Butar Amurka in ta fito daga duro, kada a sa mata adafta a jona. Adafta siffar ƙafa kawai yake canzawa. A wutarmu za ta ja kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka gina ta a kai, ta ƙone nan take, in an yi sa'a ita kaɗai. Taransifomar da za ta ɗauke ta ta fi sabuwar buta tsada. Juya gindinta ka karanta. In ba ka ga 220 zuwa 240 ba, a bar ta.

Ta Ingila ma da sharaɗinta. Watt 3000 na jan amfiya 13, iyakar abin da fis ɗin filogin ke ɗauka. A jona ta a soket ɗin bango kai tsaye. Siraran wayoyin ƙari na Kejetia narkewa suke yi, ƙaramin janareta kuma ba ya ɗaukarta. A mita, lita ɗaya na cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit, ko butar mai sauri ce ko mai jinkiri. Ɓarnar tana wajen cika ta fal don kofi ɗaya. Ruwa kaɗai ake sa mata, ban da madara, ban da Milo.

Lemo

A ɓangaren minaral, abin da Ingila ke da shi wanda Amurka ba ta damu da shi ba shi ne lemon sirki: Ribena, Robinsons, Vimto. Ba a shan su haka nan. Kashi ɗaya lemo, kashi huɗu ruwa. Mai ninkin ƙarfi kuma ɗaya da tara. Kwalba mai lita ɗaya ta ba da lita 5, abin da ya sa ya fi gwangwani arha nesa ba kusa ba a wajen suna ko walima. Vimto a Manchester aka ƙirƙire shi a 1908, kafin ya zama abin buɗa-baki a ƙasashen Larabawa, kuma wanda alhazai ke zuwa da shi daga Saudiyya ya fi na Ingila kauri da zaƙi, ya fi shan ruwa. Ribena daga wani baƙin ɗan itace ake yin ta wanda Amurka ta hana nomansa a 1911 saboda cutar itatuwan katako, shi ya sa galibin lemo ko alewa mai launin shunayya daga can ɗanɗanon inabi ne.

Masu cewa Ribenar Landan ba ta kai ta da ba, ba su yi ƙarya ba. A Afrilun 2018 Birtaniya ta ɗora haraji kan lemon da sukarinsa ya kai giram 5 a mililita 100, da wani mafi tsanani daga giram 8. Kamfanoni da dama suka rage sukari suka cike da sinadaran zaƙi irin su aspartame da sucralose: Ribena, Irn-Bru, Fanta, Lucozade. Wannan ɗan ɗaci-ɗacin da ke saura a maƙogwaro daga nan yake. Na Lucozade ya fi muhimmanci, tunda shi muke kai wa marasa lafiya. Mai ciwon sukari da ya saba kurɓarsa in sukarinsa ya faɗi, ya karanta takardar kwalbar da ke hannunsa, don ta Ingila yanzu sukarinta ya ragu da kusan rabi. Mu ma Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 kan lemo mai zaƙi a 2023.

Na Amurka ba a rage masa komai ba. Gwangwaninsu mililita 355 ne, na Ingila 330. Coca-Cola giram 39 na sukari a wancan, 35 a wannan, kowanne ya haura ƙwayar sukarin St. Louis shida. Tun shekarun 1980 da ruwan zaƙin masara suke haɗa nasu. Bambancin a baki kaɗan ne, bai kai a biya ninki uku a bar wanda ake ɗurawa a nan gida ba. Fantarsu ja-ja ce saboda rini, babu ruwan lemo a ciki; ta Ingila fara-fara ce da ɗan ruwan lemo. Root beer, duk da sunansa, yawancinsa babu giya a ciki, amma a sayi gwangwani ɗaya kafin katan: ƙamshinsa irin na man Robb ne, kuma ba kowa ke iya haɗiye shi ba. Kool-Aid ɗan ƙaramin fakiti ba shi da zaƙi ko kaɗan. Sai an ƙara kofi ɗaya na sukari da ruwa kusan leda 4. Yara na sonsa, amma sobolo ya fi shi ta kowace fuska.

Wajen karanta takarda, Ingila kan rubuta sukari a kan mililita 100, Amurka kuma a kan abin da suka ƙiyasta mutum zai sha a zama ɗaya, wanda a babbar kwalba bai kai duka abin da ke cikinta ba. Sai an mayar da su ma'auni ɗaya kafin a kwatanta. Giram 4 shi ne ƙaramin cokali ɗaya.

Kwanan watan lalacewa ma a juye yake. Ingila rana take fara rubutawa sannan wata, kamar mu. Amurka wata take farawa da shi. In ka ga 03/09 a gwangwanin Amurka, 9 ga Maris ne, ba 3 ga Satumba ba, wata shida ke nan tsakani. Ganyen shayi in ya wuce lokaci ƙamshi kawai yake rasawa. Lemo mai aspartame kuwa zaƙinsa gushewa yake yi, zafi kuma na gaggauta hakan, don haka katan ɗin da ya sha rana a kwantena daga Tema ko a bakin shago zai iya zama salam tun kwanan bai cika ba. A zaɓi wanda ke can ciki a inuwa, a duba gindin gwangwanin ko ya kumbura ko ya yi tsatsa.